Me ya sa zafin bayan ruwan farko ya fi na Afrilu gallabar mutum a Damagaram?

Telan Birni ya rubuta:

Assalamu alaikum, ƴan'uwa mazauna wannan zaure. Ni tela ne a unguwar Birni, nan cikin Damagaram, kuma shagona ɗaki ne mai rufin kwano wanda nake wuni a cikinsa tun daga hantsi har bayan la'asar, saboda haka babu wanda zai ba ni labarin zafin garin nan. Sai dai akwai wani abu da ya daɗe yana ɗaure mini kai, wanda nake so masu ilimin abin su warware mini.

A watan Afrilu, lokacin da bazara take kan ganiyarta, wayata takan nuna digiri 42 ko 43 da azahar, iska ta riƙa bugun fuska kamar an buɗe bakin tanderu, amma duk da haka ina iya zama a kan keke in yi ɗinki muddin akwai ruwan randa kusa da ni. Zufa ba ta ma tsayawa a jiki, sai dai da yamma in ga farin gishiri ya fito a wuyan rigata. To amma daga tsakiyar Mayu zuwa cikin Yuni, musamman kwana ɗaya ko biyu bayan an yi ruwan farko, wayar takan nuna 37 ko 38 kawai, ni kuwa a lokacin ne nake jin kamar numfashina zai ɗauke. Riga ta jiƙe sharkaf, yadin da nake ɗinkawa ya riƙa manne mini a hannu, ruwan randa ya ƙi yin sanyi, da dare kuma ko an shimfiɗa tabarma a tsakar gida barci ba ya samuwa sai gab da kiran assalatu.

Mahaifina, wanda ya haura shekara 80, yakan ce a zamaninsu da zarar ruwa ya sauka an yi sallama da zafi ke nan, kuma ba ya yarda idan na ce masa ni bayan ruwan ne nake shan wahala. Abin da nake son sani shi ne, wayar ce take yi mini ƙarya ko kuwa jikina ne ya sauya? Shin ruwan sama rage zafi yake yi ko ƙara shi? Kuma sauyin yanayin nan da muke ji a rediyo kullum, yana da hannu a cikin wannan, ko dai haka abin yake tun kaka da kakanni? Allah ya saka wa wanda ya taimaka da alheri.

Malamin kimiyya mai ritaya, Sabon Gari, ya amsa:

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Wayarka ba ta yi ƙarya ba, jikinka ma bai yi ƙarya ba, abubuwa biyu ne daban kowannenku yake aunawa. Wayar tana faɗa maka zafin iska a inuwa, shi kuwa jikinka yana faɗa maka ko ya samu hanyar fitar da zafin da ke cikinsa ko bai samu ba, kuma wannan na biyun laimar da ke cikin iska ce take yanke hukunci a kansa.

Bari mu fara da randarka, domin ita ce ta fi kowa iya bayanin abin. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta yana tsatsafo da shi kaɗan-kaɗan, iska ta busar da wannan tsatsafin, kuma duk ruwan da zai zama tururi sai ya kwashi zafi daga abin da yake kai kafin ya tashi. Zafin da yake kwasa ba kaɗan ba ne: wanda ake bukata don a mayar da lita ɗaya ta ruwa tururi ya ninka fiye da sau biyar wanda ake bukata don a ɗauko wannan litar daga sanyin ƙanƙara a kai ta ga tafasa. Jikin ɗan Adam haka yake aiki, zufa ita ce tsatsafinsa. Zafin cikin jiki digiri 37 ne, na fata kuwa kusan 35, saboda haka da zarar iska ta haura 35 ba ta sanyaya mutum da kanta, sai ma ta ƙara masa, ba abin da ya rage masa sai bushewar zufa. A watan Maris da farkon Afrilu iskarmu daga hamada take zuwa, busasshiya ƙwarai, laimarta da rana takan sauka har kusan kashi 10 cikin ɗari, don haka tana shanye zufa nan take, ta bar maka gishirin da kake gani a wuyan riga. Idan kuwa iska ta riga ta ƙoshi da laima, zufar sai ta kwarara kawai ba tare da ta bushe ba, kuma zufar da ta zuba ƙasa asara ce, ta fitar da ruwan jiki amma ba ta fitar da zafi ba.

Masu auna yanayi suna da wata hanya mai sauƙi ta gane wannan. Sukan naɗe kan ma'aunin zafi da jiƙaƙƙen ƙyalle, su bar iska ta busa shi, abin da ya nuna shi ne iyakar sanyin da bushewar ruwa za ta iya kai abu a wannan iskar. Idan zafi ya kai 42 amma laima kashi 10 ce, jiƙaƙƙen ma'aunin yakan tsaya kusan 20, shi ya sa ruwan randa na bazara yake sanyi har ya kama haƙori. Idan kuwa zafi 34 ne kacal amma laima ta kai kashi 60, yakan nuna kusan 27. Ka ga wayarka za ta ce an samu sauƙin digiri 8, alhali wajen randa da wajen fatarka abin ya ƙaru da digiri 7. Akwai kuma jadawalin da hukumomin hasashen yanayi suke amfani da shi don faɗin zafin da jiki yake ji: digiri 40 da laima kashi 10 jiki yana jinsa kamar 37, amma 40 ɗin nan da laima kashi 40 yana jinsa kamar 48, haka kuma 35 da laima kashi 60 yana jinsa kamar 45.

Sai batun lokaci, wato me ya sa Mayu da Yuni. Iska biyu ce take rabon shekararmu, ta arewa maso gabas mai ƙura wadda take kawo mana hunturu, da ta kudu maso yamma wadda take tasowa daga Tekun Gini ɗauke da laima. Inda suka haɗu akwai wata iyaka wadda take hawowa arewa sannu a hankali yayin da rana take ƙara tsayawa a kanmu, har ta wuce Agadas a watan Agusta, sannan ta koma kudu. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, laima tana riga ruwan sama isowa. Iskar kudun takan fara shigowa ne a ƙasa-ƙasa, siririya, galibi cikin dare da asuba, ba ta da kaurin da za ta haɗa hadari mai zubar da ruwa, ruwan sosai yana can baya da nisan ɗaruruwan kilomita. Saboda haka akwai makonnin da Damagaram take samun rana irin ta bazara, ƙasa busasshiya irin ta bazara, ga kuma laima irin ta damina a kai. A ganina waɗannan makonnin su ne mafi tsanani a duk shekara, ko da ma'auni bai nuna haka ba.

Daren da ka ce ba ka barci, shi ma laimar ce. Tururin ruwa yana tare zafin da ƙasa take saki zuwa sama bayan faɗuwar rana, ya mayar da wani kaso nasa ƙasa, kamar yadda bargo yake yi wa mai barci. A watan Fabrairu da Maris sararin sama a bushe yake, don haka ko rana ta yi zafi dare yakan huce sosai, amma da iskar kudu ta shigo sai ka ga asuba ta yi zafi bai sauka ƙasa da 27 ko 28 ba, wani daren ma ya tsaya a kan 30. Masanan da suka bi diddigin tsananin zafin da aka yi a yankin Sahel a watan Afrilun 2010 sun gano cewa wannan tururin ne ya ɗaga zafin dare a lokacin. Ka haɗa da duwatsun Birni da bangon siminti da suka wuni suna shan rana, suna kuma sakin ta cikin dare, sai ka gane dalilin da ya sa tabarmar tsakar gida ba ta yi maka magani.

Game da ruwan sama kuwa, ku biyun kuna da gaskiya, kai da Baba. Ruwa yana rage zafin rana ta hanyar da randa take yi, wato idan ƙasa tana da danshi, ƙarfin rana yana ƙarewa ne wajen busar da ita da shukar da ke kanta maimakon dumama iska, ga kuma gajimare yana tare hasken. Wannan ne ya sa zafin azahar yake saukowa daga kusan 41 a Afrilu da Mayu zuwa kusan 32 ko 33 a Agusta, duk da cewa rana ba ta yi nisa da tsakiyar kanmu ba. Amma wannan aikin damina ce wadda ta kafu. Ruwan farko guda ɗaya ba ya yin haka. Ka ɗauki ruwan milimita 10: a kan hekta ɗaya ta gona, wato mita ɗari a kan mita ɗari, lita 100,000 ke nan, ganga 500 masu cin lita 200. Idan gari ya waye sarari ya washe, rana ta fito da ƙarfinta na Mayu, mafi yawan wannan ruwan cikin kwana ɗaya ko biyu zai koma iskar da kake shaƙa. Ƙasa ta sake bushewa, zafi ya dawo inda yake, laima kuma ta ƙaru.

Manomi daga ƙasar Mirya ya amsa:

Malam, Allah ya ƙara sani. Ni ban yi zurfi a boko ba, amma abin da kuka faɗa na san shi a jikina, sai dai ina so in kare Baban tela kaɗan, domin ina ganin ba mantuwa ce ta tsufa ta sa yake faɗin haka ba. Mutumin da yake zaune a karkara, ko wanda ya zauna Damagaram lokacin da gidaje na ƙasa ne masu kaurin bango kuma gonaki suna bakin gari, bai san zafin bayan ruwa irin wanda mai ɗakin kwano yake sha a yau ba. Mu a gona, daren da aka yi ruwa da safiyar da ta biyo baya akwai sanyi mai daɗi, iska tana ratsa ko'ina, kuma farin cikin samun ruwan shuka kansa yana sa mutum ya manta da sauran. Wahalar takan zo ne a rana ta biyu da ta uku, lokacin da kowa ya duƙufa shuka, ƙasa tana fitar da wani huci mai ɗumi har ka ji shi a ƙafa, ka sha ruwa ka sha amma jiki bai daina nauyi ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne idan aka yi ruwan farko sannan aka ɗauke kwana 15 ko 20. A irin wannan farin, hatsin da ya tsiro yakan ƙone, domin rairayin saman gona yana zafin da ba a iya taka shi ba takalmi, mutum kuma ga rana ga gumi. Haka ma a ƙarshen damina, lokacin agazari, wajen watan Oktoba, ruwa ya janye amma laimarsa ba ta tafi ba, rana ta dawo da ƙarfi daidai lokacin da ake girbi da ɗaurin damma. Tsofaffinmu sun san agazari da zazzaɓi da kasala tun ba a fara maganar sauyin yanayi ba.

Wani abin da zan ƙara shi ne na gawo. Gonar da take da gawo da wadda ba ta da shi ba ɗaya ba ne a bazara, domin shi wannan itacen yana riƙe ganyensa ne lokacin rani, ya zubar da shi idan damina ta kama, saboda haka inuwarsa tana nan daidai lokacin da ake bukatarta, kuma ba ya tare wa hatsi rana. Duk wanda ya bi hanyar Matamaye ko Magarya ya ga yadda sassaben zamani ya mayar da itatuwa gonaki. Tambayata ga Malam ita ce, tunda itace ma ruwa yake fitarwa ta ganye, shin ba ƙara mana laimar yake yi ba, kamar yadda nake jin gumi ya fi yawa a cikin garake da bakin tabki?

Ma'aikaciyar jinya ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Zan yi magana ne ta ɓangaren da na sani, domin bayanin Malam daidai yake, amma ina tsoron kada wani ya karanta ya ɗauka cewa busasshen zafi ba shi da haɗari. Yana da shi, kuma haɗarinsa a ɓoye yake, saboda zufar da take bushewa nan take tana sa mutum bai san yawan ruwan da yake fita daga jikinsa ba, mai aikin ƙarfi a rana kuwa yana iya zubar da fiye da lita ɗaya cikin awa guda. A farkon Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, asibitin Gabriel Touré na Bamako kuma ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu na farkon watan, da yawansu tsofaffi, kuma abin ya faɗo ne a goman ƙarshe na azumi ga ɗaukewar wutar lantarki. A aikin Hajjin shekarar 2024 ɗin ma fiye da mutum 1,300 suka rasu cikin zafin da ya haura 50. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa, domin tsakaninmu da Mali babu wani bambancin yanayi mai yawa.

Bambancin da nake gani a wurin aiki shi ne, a busasshen zafi matashi mai lafiya yana iya kare kansa idan yana shan ruwa yana samun inuwa, waɗanda suke faɗuwa su ne tsofaffi da jarirai da masu ciki da masu hawan jini ko ciwon suga ko ciwon ƙoda, domin jikinsu ba ya fitar da zufa yadda ya kamata ko zuciyarsu ba ta jure aikin. A zafi mai laima kuwa har mai ƙarfin ma ba ya tsira da shan ruwa kaɗai, dole sai ya rage aikin. Daren da bai huce ba shi ne ya fi ba ni tsoro, saboda da dare ne zuciya take samun hutu, idan aka jera kwana uku ko huɗu babu wannan hutun sai ka ga tsoho ya rikice ba tare da ya taka rana ba.

Yaya tela, ga abin da zan ce maka game da Baba da kuma shagonka. Fanka tana da amfani sosai a lokacin laima, domin tana kawar da jiƙaƙƙiyar iskar da ta lulluɓe fata, amma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a yi amfani da ita ne idan zafin ɗaki bai kai 40 ba, idan ya wuce haka iska mai zafi kawai take hura wa mutum, sai dai idan an jiƙa jiki ko riga tukuna. Na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa, wadda ta cika kasuwa yanzu, ƴar'uwar randa ce: tana aiki da kyau a Maris da Afrilu, amma idan laima ta shigo kuma aka rufe ɗaki, ƙara cika shi da gumi take yi. Idan ka ga mutum ya fara sambatu, ko tafiyarsa ta karkace, ko jikinsa ya yi zafi ƙwarai, kada a tsaya jiran ya huce da kansa, a kai shi inuwa a zuba masa ruwa a jiki ana yi masa fifita, a kuma nufi asibiti da shi. Wanda ya galabaita amma yana cikin hankalinsa, a ba shi ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Alheri ɗaya da zan faɗa wa laima shi ne, shigowarta ce take kawo ƙarshen lokacin sanƙarau, wanda ya fi yaɗuwa a busasshiyar iska mai ƙura.

Telan Birni ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, wallahi kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, domin na sayi irin wannan na'urar bara, na yi ta yaba ta a Afrilu, da Yuni ya zo na ɗauka lalacewa ta yi har na kai ta wajen mai gyara. Malam, saura tambayata ta uku. Idan tun asali haka iskar kudu take riga ruwa isowa, to mene ne sabo a ciki, kuma me sauyin yanayi ya ƙara?

Malamin kimiyya mai ritaya, Sabon Gari, ya sake amsawa:

Tsarin tsoho ne, abin da ya sauya shi ne ma'aunin da aka ɗora shi a kai. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta bayyana 2024 a matsayin shekarar da ta fi duk waɗanda suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi, da kusan digiri ɗaya da rabi sama da zamanin da ba a fara ƙona gawayin ƙasa da man fetur da yawa ba. Ƙa'ida ce tabbatacciya cewa duk digiri ɗaya da iska ta ƙara, tana iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin ɗari. Tekun Gini yana ɗumama, yana sakin tururi fiye da da, saboda haka iskar da take iso mana a Mayu ta fi ta zamanin ƙuruciyar Baba zafi, ta kuma fi ta nauyin laima. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa a yankin Sahel zafin dare ya fi zafin rana saurin ƙaruwa a bazara. Ƙungiyar masana ta World Weather Attribution, da ta binciki zafin da Hajiya ta ambata, ta ce ba don ɗumamar da ɗan Adam ya jawo ba da bai kai haka ba, kuma a Mali da Burkina Faso ɗumamar ta ƙara kusan digiri ɗaya da rabi da rana, amma digiri 2 da dare. Wata biyu kafin nan, a Fabrairun 2024, ƙasashen bakin teku irin su kudancin Najeriya da Benin da Gana sun sha wani zafi mai laima wanda ƙungiyar ta ce sauyin yanayi ya ƙara wa abin da jiki yake ji kusan digiri 4. Ka lura da wannan bambancin, domin shi ne zuciyar maganar: ƙarin da ma'auni yake nunawa kaɗan ne, amma idan ya haɗu da laima, ƙarin da jiki yake ji ya ninka shi.

Sai yadda ruwan kansa yake zuwa. Bayan farin 1973 da na 1984, waɗanda duk wani dattijo a ƙasar nan yake tunawa, ruwan Sahel ya farfaɗo daga shekarun 1990, amma bai dawo da tsohuwar siffarsa ba. Damagaram tana samun kusan milimita 400 a shekara, sai dai yanzu kaso mai yawa yana sauka ne cikin manyan hadarurruka ƴan kaɗan. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya dogara da hotunan tauraron ɗan Adam, ya nuna cewa hadarurruka mafiya ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982, kuma ya danganta hakan da yadda Sahara take ƙara zafi. Mu nan ba ma bukatar a ba mu labari, mun ga daminar 2024 da ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, ta kuma rushe tsohon masallacinmu na Birni a farkon Satumba, ginin da ya tsaya tun ƙarni na 19. Ruwan da ya sauko da yawa lokaci guda, ya cika tabkuna da kwararo, sannan sarari ya washe kwana da kwanaki, shi ne ainihin abin da yake haifar da zafin da kake kuka da shi, kuma shi ne abin da manominmu ya kwatanta da farin da yake biyo bayan ruwan shuka. Damina mai yayyafi a kai a kai da gajimare tana riƙe zafi a ƙasa, mai zubowa ta tsaya kuwa tana ba rana da laima damar haɗuwa sau da yawa a cikin shekara ɗaya.

An daɗe ana cewa iyakar abin da ɗan Adam zai iya jurewa ita ce digiri 35 a jiƙaƙƙen ma'aunin nan da na ambata, amma gwajin da aka yi da matasa masu lafiya a wata jami'a ta jihar Pensilbaniya a Amurka ya nuna cewa a iska mai laima jiki yana fara kasa riƙe zafinsa tun daga kusan 31. Damagaram ba ta cikin wuraren da suka fi kusa da wannan iyakar, irin su bakin Tekun Fasha da kwarin kogin Indus a Pakistan, amma waɗannan alkaluman na mutumin da ba ya aikin ƙarfi ne, ba na mai noma ko mai tura kurar ruwa ko mai zama ƙarƙashin kwano ba.

Amsar ɗan'uwanmu na Mirya kuwa ita ce, ƙwarai itace yana ƙara laima, kuma abin da kake ji a garake da bakin tabki gaskiya ne, domin wurin da aka yi ban ruwa kuma ganye ya rufe shi har iska ba ta ratsawa yakan tara gumi. Amma gawo a fili daban ne, tsakaninsa da ɗan'uwansa akwai tazara, iska tana wucewa ta kwashe ɗan tururin da ya fitar, inuwarsa kuma tana kare mutum da ƙasa daga hasken rana kai tsaye, wanda shi kaɗai yana iya ƙara wa abin da jiki yake ji har kusan digiri 8. Ribar ta fi hasarar nesa ba kusa ba.

Kai kuma tela, wayarka tana nuna laima a ƙarƙashin adadin zafi, mutane ne ba sa dubawa. Ka riƙa duba su biyun tare daga tsakiyar Mayu, kuma ranar da ka ga zafi ya haura 37 laima kuma ta kai kashi 40, ka yi yankan da guga da sassafe, ka buɗe ƙofa da taga duka biyu, ka kashe na'urar ruwan ka kunna fanka.

Manomi daga ƙasar Mirya ya ƙara da cewa:

Na gamsu, Malam. Mu da ba mu duba waya muna da tamu alamar, domin idan aka wayi gari gishirin da ke cikin kwano ya yi danshi, igiyar guga ta yi laushi, ruwan tulu kuma ya kwana bai yi sanyi ba, mun san iskar kudu ta shigo, sai a fara gyaran gona da fitar da iri. Tela, ka gaishe da Baba, ka kuma tambaye shi ko ɗakin da yake kwana a ciki yana saurayi rufin kwano ne ko na ƙasa.